Yadda ake kula da jirgin ruwa mai filafilai da gano matsalarsa a cikin teku

Wanda ya bar gaɓa da jirgi mai filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke busawa ta tura jirgin, zai kwana biyu bai ga ƙasa ba, shi ne makaniken kansa, shi ne mai gyaran wutarsa, shi ne kuma mai gyaran famfonsa. Mota in ta lalace sai a gangara gefen titi a jira taimako. Teku ba shi da gefen titi. Ga kuma gishiri, kusan gram 35 a kowace litar ruwan teku, yana cin ƙarfe da waya dare da rana, ga jijjiga tana kwance duk abin da aka ɗaure. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne kowane abu a cikin jirgi hanya yake bi: ruwa da tasa hanyar, mai da tasa, wuta da tata. Gano matsala bin hanyar nan ne daga tushe, gaɓa bayan gaɓa, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Fara da sanin jirgin tun yana lafiya

Kafin ka tashi, ɗauki tocila da littafi ka shiga lungu-lungu. Nemo duk wata kafa da aka huda a jikin jirgin ƙasa da inda ruwa ke tsayawa: ta shigar ruwan inji, ta banɗaki, ta wurin wanke-wanke, ta na'urar auna zurfi. Zana jirgin a takarda ka yi alamar kowace, ka manna takardar inda kowa zai gani. Galibinsu suna da bawul. Buɗe shi ka rufe aƙalla sau ɗaya a wata, domin bawul ɗin da aka daɗe ba a motsa ba yakan ƙage, kuma ranar da tiyo ya fashe ne za ka gane. Kowane tiyo a wurin nan ya sami kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, sannan ka ɗaure turken katako mai tsini kusa da kowace kafa, daidai girmanta, wanda za ka buga mata in bawul ɗin ya karye. Kada ka raina wannan. Kafa mai faɗin santimita 2.5 da ke santimita 60 a ƙarƙashin ruwa tana zuba fiye da lita 50 a minti ɗaya, kuma ƙananan famfunan lantarki da yawa ba sa iya kwashe haka in sun shiga aiki na gaske.

A littafin nan dai za ka rubuta yadda komai yake ranar da babu matsala: inda allurar zafin inji ke tsayawa, yawan ruwan da salansa ke fesowa, awoyin da inji ya yi, ranar da aka sauya mai da filta. Kunnenka ma ya saba da ƙarar injin. Wanda bai san muryar injinsa lokacin lafiya ba, ba zai ji ranar da ta sauya ba.

Minti biyar kafin tada inji

Zaro gejin baƙin mai ka duba. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, kada ka tada. Duba ruwan sanyaya inji tun injin yana sanyi. Danna bel da yatsa a tsakiyarsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Baƙar ƙura a gaban inji alama ce bel ɗin na zamewa yana cin kansa. Leƙa rariyar da ke tace ruwan teku, ka leƙa ƙarƙashin inji ko akwai ɗigon mai. Da injin ya tashi, je bayan jirgi ka tabbatar ruwa na fitowa tare da hayaƙi. Baƙin mai da filtarsa kuwa a sauya su bisa awoyin da littafin injin ya faɗa, ko Yanmar ne ko Volvo Penta ko Perkins, kuma ko awoyin ba su cika ba a sauya sau ɗaya a shekara.

In inji ya yi zafi

Yawancin injinan jiragen nan ba su da lagireto irin na mota. Ruwan teku suke zuƙowa ya sanyaya ruwan cikin inji, sannan ya fita ta salansa. Saboda haka in ƙararrawar zafi ta buga, ko ƙarar salansa ta koma busasshiya, kashe injin ka bi ruwan.

Bawul ɗin shiga a buɗe yake? Sau da yawa matsalar ke nan, an rufe an manta. Shi ya sa nake rataye makullin inji a hannun bawul ɗin duk lokacin da na rufe shi, ta yadda ba zan iya tada inji ba sai na je wurin. In a buɗe yake, rufe shi ka buɗe rariyar ka cire ciyawar teku ko leda, ka tabbatar murfin ya zauna daram a kan robarsa, don in yana shan iska famfo ba zai ja ruwa ba. In rariya tsaf take, sai famfon. Kwance murfinsa, za ka ga wata ƙaramar farfela ta roba mai fikafikai. Ruwan da take turawa shi ke sanyaya ta, don haka ɗan gajeren gudu ba ruwa ya isa ya ƙone ta. Zaro ta ka ƙirga fikafikan. Duk wanda ya gutsure yana can gaba a cikin tiyo ko a bakin bututun sanyaya ruwa, kuma dole ka nemo shi, in ba haka ba sabuwar farfelar za ta tura ruwa ya tarar da hanya a toshe. Shafa wa sabuwar ɗan sabulun ruwa kafin ka saka ta. Ni a ganina a sauya ta kowace shekara ko tana da kyau, a ajiye tsohuwar don ɓacin rana.

In duk wannan lafiya, duba bel, sannan gwiwar salansa inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, wadda tsatsa da baƙin toka kan toshe bayan shekaru. Kada ka buɗe murfin ruwan inji yana da zafi.

In inji ya ƙi tashi, ko ya mutu a hanya

Tambaya ɗaya ce ke raba hanya biyu: yana juyawa ko ba ya juyawa? In ba ya juyawa, ko ka ji ƙas kawai, matsalar wuta ce. Tabbatar giya na firi, babban makunnin batir a kunne, kawunan batir a ɗaure ba su yi tsatsa ba. Ɗora mita a kan batir wani ya murza makulli. In wutar ta faɗi ƙasa da volt 10, batir ya yi sanyi, sai ka haɗa da batirin da ke ba ɗakuna wuta. In ba ta motsa ba sam, wutar ba ta kai ga kik ba, sai ka bi wayar.

In yana juyawa amma ba ya kamawa, mai ne. Injin dizal ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna man, don haka abin da yake buƙata kaɗan ne: iska, tsabtataccen mai, da juyi mai ƙarfi. Duba ko an mayar da maɓallin kashe inji wurinsa, ko bawul ɗin tanki a buɗe yake. Injin da ya yi ta sassarfa ya mutu lokacin da teku ke tashi kuwa, kusan ko da yaushe filta ce. Ruwa kan taru a gindin tanki, wasu ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man su zama baƙin kaki, igiyar ruwa ta girgiza tankin, kakin ya taso ya toshe filta. Duba kofin da ke ƙarƙashin filta ta farko, ka tsiyaye ruwan da ya kwanta, ka sauya filtar.

Bayan sauya filta sai an cire iskar da ta shiga. Sassauta ɗan notin da ke saman filtar jikin inji, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon mai har man ya fito ba kumfa, sannan ka ɗaure. A tsofaffin injina, in hakan bai isa ba, akan sassauta notin bututun nozul a juya inji har mai ya tsarto. Nisanta hannunka, domin man da ke fita da wannan matsi yana huda fata. Sababbin injina masu kwamfuta kuwa ba a taɓa bututun nan ko kaɗan.

Ga wani gargaɗi da mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su. Duk lokacin da kake juya inji bai kama ba, famfo na zuba ruwa cikin salansa, kuma babu hayaƙin da zai tura shi waje. Ruwan na iya cika ya koma cikin silinda ya lanƙwasa ƙarfe. Kada juyi ɗaya ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, in kuma za ka yi ta gwadawa, rufe bawul ɗin ruwa, ka buɗe shi nan take da injin ya kama.

Launin hayaƙi ma yana magana. Baƙi, an ɗora wa inji nauyi ko iska ba ta isarsa, wataƙila igiya ta naɗe farfelar da ke tura jirgin. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Fari, ko tururi ne ko man da bai ƙone ba.

Wuta

A nan ne ɗan hakin da ka raina ke tsone maka ido. Na'urorin kansu ba su cika lalacewa ba, mahaɗar waya ce ke ruɓewa. Batir mai ruwan asid na volt 12, in ya huta awoyi ba caji ba aiki, 12.6 zuwa 12.7 na nufin ya cika, 12.2 ya kai rabi, kuma yawan sauke shi ƙasa da rabi na rage masa kwana. Inji na gudu ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba ka gani ba, bel ne ko altaneta ko wayarta. Batirin litiyam ba a auna cikarsa da wannan lissafi, domin wutarsa ba ta cika sauka ba sai ya kusa ƙarewa.

In fitila ko famfo ya ƙi aiki, fara daga fis, sai makunni, sai ka auna a bakin na'urar, kana kunne da ita. Wannan na ƙarshe shi ne sirrin. Wayar da saura silli biyu a cikinta za ta nuna maka volt 12 cif a mita, amma da an ɗora mata aiki sai wutar ta ɓace. Kada ka manta da wayar da ke mayar da wuta ga batir, ita ma tana ruɓewa kamar 'yar'uwarta. Inda ka ga koren gari ko wayar ta yi baƙi, yanke har ka kai jan ƙarfe mai sheƙi, ka matse sabon kai da filayar matsewa, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya shekara a teku. Fis ɗin da ke ta ƙonewa kuma yana gaya maka akwai inda waya ta goge, kada ka saka wanda ya fi shi girma, gobara kake gayyata. Cire zobe da agogo kafin ka kai sifana kan batir.

Akwai wata wutar da ba a gani, wadda ke gudana tsakanin ƙarafa mabambanta a cikin ruwan gishiri tana cinye mai rauninsu. Don haka ake ɗaura dunƙulen zinki a sandar farfela, ya cinyu a madadin tagullar farfelar. Ba a yi masa fenti, kuma in ya kai rabi a sauya.

Ruwa a cikin jirgi, da gas

In ka ga ruwa ya taru a kwarin jirgi, ɗanɗana shi a bakin yatsa in ba shi da mai ko ƙazanta. Mara gishiri daga tankin sha ne ko ruwan sama, da sauƙi. Mai gishiri, ɗauko takardar nan ta kafofi ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi. Tsohon samfurin abin da ke toshe wurin an yi shi ne ya riƙa ɗigo kaɗan-kaɗan in sandar na juyawa, amma ba zuba ba. Ɗaga maɓallin famfon kwari, wanda ruwa ke ɗagawa ya kunna famfon, da hannu kowane mako ka ji ya tashi, ka share gashi da tarkace daga bakinsa, ka gwada famfon hannu shi ma.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwarin jirgi yake gangarawa ya kwanta yana jiran tartsatsi. Tukunyar ta zauna a akwatinta mai kafar da ke zubarwa waje, a rufe ta daga kai bayan kowane girki, a gwada mahaɗai da kumfar sabulu. In ka ji warinsa, kada ka taɓa kowane makunni, rufe tukunya ka buɗe ƙofofi da tagogi.

Banɗaki kuwa, in ruwa na dawowa cikin kwano, ɗan bawul ɗin roba da ke bakin fita ne ya saki, sauya shi. Ɗan ruwan khal lokaci-lokaci na rage farin dutsen da ke taruwa a tiyo.

Abin da ke sama

Kowace safiya zaga saman jirgi kana kallon ƙasa. Ƙaramin fil ko noti da ka tsinta a daɓe daga wani wuri ya faɗo, kuma sai ka gano wurin kafin ka ɗaga filafilai. Shafa tsumma a wayoyin da ke riƙe da doguwar sandar jirgi. In ya maƙale, silli ya tsinke, wayar ta gama aiki. Duba inda wayar ta shiga kanta na ƙarfe, a nan tsaga da jan tsatsa ke fara bayyana. Igiyar da ke goga a wuri ɗaya a matsar da ita ko a sa mata riga. Daga ƙarshe kunna rediyon VHF ka tabbatar tana ji tana kuma aikawa, ka bar ta a tasha ta 16, wadda ita ce ta kiran gaggawa a tekunan duniya, ka kuma nuna wa duk wanda ke cikin jirgin yadda ake danna ta da yadda ake karanta inda jirgi yake daga GPS.