Yadda za ka warware doguwar kalmar Turanci ka furta ta daidai

Ɗalibi yana karatu lafiya lau, da ya iso kan kalma irin responsibility sai murya ta shaƙe, ya haɗiye rabinta ya wuce. Abin yana damuna, domin kalmar ba ta gagara idan aka bi ta gunduwa-gunduwa.

Fara da cire abin da aka liƙa mata gaba da baya. Mu ma haka muke gina kalma: daga karanta muka samu makaranta. Ɗauki unbelievable. Ɗafa-goshinta un ne, mai kore ma'ana, ɗafa-ƙeyarta able, saiwar kuma believe. Ka ga ma'ana ta fito: abin da ba ya gaskatuwa.

Sai ƙirga gaɓoɓi. Sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa, ka furta kalmar a hankali. Duk saukowar haɓa gaɓa ɗaya ce. Sautin wasali ake ƙirgawa, ba harafinsa ba, shi ya sa make take gaɓa ɗaya. A nan harshenmu yake mana tarko. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri guda, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda bread ya koma burodi. Kada ka yi wa strength haka, gaɓa ɗaya ce tak. Ita kuwa re-spon-si-bil-i-ty, 6 ce.

Yanzu ga babban aikin: wace gaɓa za a danna? Hausa da karin sauti take aiki, sama da ƙasa, amma Turanci gaɓa guda yake ba wa ƙarfi, sauran su yi laushi. Dubi wutsiyar kalmar, ita za ta faɗa maka. Idan ta ƙare da tion, ic ko ity, ƙarfin yakan sauka a gaɓar da ke daf da wutsiyar: eduCAtion, ecoNOmic, responsiBIlity. Wutsiya na sauyawa, ƙarfin ya tashi ya koma wani wuri. Furta waɗannan da babbar murya: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic. A ta biyun, pho ɗin farko ya kusa ɓacewa, kuma haka ake so. Irin wannan ne ake tambaya a sashen furuci na jarrabawar WAEC.

Inda ka yi kokwanto, buɗe ƙamus. Za ka ga ɗan karan tsaye a sama, daidai kafin gaɓar da ake dannawa. Ka furta kalmar sau uku kana buga tebur a kan wannan gaɓar, sannan ka sa ta cikin jimla.