Darasi na 9: Karnen awo da lambobin da ke cikinsa

A wata unguwar Hausawa a Garwa, a arewacin Kamaru, wata amarya ta samu cikin fari. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa har ciki ya kai wata shida. Ba inda ke mata ciwo, sai dai zobenta ya daina shiga yatsa, kuma da safe takan tashi fuska a kumbure. Surukarta ta duba ta ce, "Ƙibar ciki ce, 'yar nan, mu ma haka muka yi." Maƙwabciyarsu ce ta nace, ta raka ta asibitin unguwa ranar awo.

Ungozoma ta ɗaura mata abin gwajin jini a damtse. Ta duba, ta bar ta ta huta, ta sake dubawa, sannan ta rubuta 150/100 a karnenta, wato ɗan littafinta na awo. Ta sa aka gwada fitsarinta. Ta ce, "Ƙanwata, jininki ya hau. Gobe ki zo min da maigida, akwai maganar da zan yi da shi."

Amarya ta ce, "To Malama, amma ni lafiyata ƙalau."

Wannan magana ta amarya ita ce tushen darasinmu na yau. Mata da yawa suna ɗauka asibiti na marar lafiya ne, alhali awo an yi shi ne domin mai jin kanta garau. Hawan jini na ciki yakan shigo shiru. Ba ya sallama, sai ya yi nisa kafin mace ta fara jin ciwon kai mai tsanani, ko ganin dishi-dishi, ko zafi a saman ciki. Idan aka bar shi, yana iya kaiwa ga jijjiga: mace ta faɗi tana karkarwa tana cizon harshe, a ce iska ce, a kama turare da rubutu, ana cikin haka a rasa uwa ko ɗa ko duka biyun. Addu'a tana da wurinta, a yi ta a kan hanyar asibiti. Can akwai allurar magnesiyam da ke tsayar da jijjiga, akwai maganin saukar da jini, kuma ma'aikata sun san lokacin da ya kamata a ciro ɗan domin a ceci uwar.

Tunda kun fara karanta lambobi, ku riƙe wannan: 140/90. Idan lambar sama, wato ta farko, ta kai 140, ko ta ƙasa, wato ta biyu, ta kai 90, jini ya hau. Ki buɗe karnenki ki nemi inda aka rubuta lamba biyu da sanda a tsakaninsu. Rubutun da Faransanci yake, amma lamba ba ta da yare. Wasu ma'aikata sukan taƙaita su rubuta 14/9, duk abu ɗaya ne. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki tambaya. Jikinki ne aka auna, kina da hakkin sanin abin da aka gani.

Lamba ta biyu da za ki koyi karantawa ita ce ranar dawowa. A da sau 4 ake cewa a je awo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, zuwan farko kuma kafin ciki ya wuce wata uku. Kowane zuwa da aikinsa. Ungozoma za ta ba ki ƙwayar ƙarin jini ta kullum, ta yi miki allurar rigakafin sandarewar jiki wadda ke kare ke da jariri, ta gwada jininki, ta auna girman ciki, ta saurari bugun zuciyar ɗan, ta lalubo yadda ya kwanta. Bayan ciki ya wuce wata uku za a fara ba ki Fansidar na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku. Duk wanda ya yi damina a bakin Binuwai ya san sauron ƙasar nan, don haka gidan sauron da aka ba ki a ɗaura shi, kada ya kwana a akwati. Ƙwayar ƙarin jini takan sa bahaya ya yi baƙi, wannan ba cuta ba ne. Ki taimaka mata da zogale, yakuwa, wake, hanta idan an samu, da kifin Lagdo.

Yanzu ga maganarku, maza. Abin da ya fi kashe mata wajen haihuwa shi ne zubar jini, kuma yakan gama da mace cikin 'yan sa'o'i. A asibiti, da zarar ɗa ya faɗo, ungozoma na yin allurar da ke matse mahaifa ta tsayar da jini. A ɗaki babu wannan allurar. Sau nawa muka ji an ce maigida ya tafi kasuwar ƙauye, babu mai ikon cewa a fita da ita, aka zauna jiransa? Wannan jira yana ci min rai, domin maganinsa ba ya cin ko dala. Ka faɗa tun yau a gaban mahaifiyarka da matarka: "Ko ba na nan, in naƙuda ta tashi ko an ga jini, a tafi, na ba da izini." Ka ajiye lambar wayar mai babur ko mai mota biyu. In haihuwar za ta faɗo cikin damina, kuma akwai mayo, wato rafi, tsakaninku da asibiti, matarka ta koma wurin dangi kusa da asibitin kafin watanta ya tsaya.

Ba mu raina ungozomomin gida ba, da yawanmu a hannunsu muka faɗo. Amma hannu, komai gwanintarsa, ba ya auna jini, ba ya ƙara jini. Ungozomar da ta ga rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa, ta ce a tafi kuma ta raka ta, ta yi aikinta cikakke. Doguwar naƙuda da yankan gishiri su ne ke jawo yoyon fitsari.

Kuɗi fa? A jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa akwai tsarin Chèque Santé tun 2015. Mai ciki ta biya sefa 6,000, wato jaka shida, ya ɗauke mata awo, haihuwa, tiyata idan ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin tsarin. Ku tambaya a zuwan farko. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2011 mata 782 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, a 2018 adadin ya sauka zuwa 406.

Wadda jininta ya hau kuma, ta sani yana iya tashi ko bayan an sauka lafiya. Ta koma a auna ta cikin kwanakin jego, kuma a rage mata kanwa a kunu, domin kanwa kamar gishiri take wajen tayar da jini.

Aikin aji

Ku tattauna: me ya sa surukar ta ce ƙibar ciki ce? Da ke ce maƙwabciyar, yaya za ki yi mata magana ba tare da kin ɓata mata rai ba?

Ku karanta waɗannan da ƙarfi, ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka nuna jini ya hau: 110/70, 120/80, 150/95, 13/8, 16/10.

Kowa ya rubuta a littafinsa sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, da lambar wayar mutum biyu da za su iya kai mace can da tsakar dare. Mai karnen awo a gida, nata ko na 'yarta, ta zo da shi darasi na gaba mu karanta ranar dawowa tare.