Riƙon ɗan dangi a Ingila: a faɗi sunayen 'yan uwa da wuri

A gida, idan iyaye suka kasa, goggo ko kaka ce ke ɗaukar yaro ba tare da neman izinin kowa ba. A Ingila ma dokar yara ta 1989 ta umarci ƙaramar hukuma ta fifita dangi kafin ta miƙa wa bare yaron da aka raba da iyayensa, sai dai dangin da take dubawa su ne waɗanda aka ba ta sunayensu. Samun lauya ba abin damuwa ba ne, domin iyaye ba sa biyan ko sisi idan ƙaramar hukuma ta kai su kotu don a raba su da ɗansu.

Ɓoye-ɓoye ne ke kayar da mu. Tun 2014 aka ƙayyade wa shari'ar mako 26, kuma alƙali yana son sunayen dangi tun zaman farko. Da aka ɗauke ɗiyar ƙanena, shi da matarsa suka yi gum saboda kunya, ban ji labari ba sai bayan wata uku. Jami'ar kula da yara ta zo da littafinta, ta leƙa ɗaki ɗaya tilo da nake haya, ta tambaye ni inda yarinyar za ta kwana. Na ce, "Tare da ni mana." Ta rubuta, ba ta ce uffan ba. Sai kuma binciken 'yan sanda a kan duk baligin da ke gidan, da rahoton likita, da mutanen da za su shaide ni. Mai gidan da na samu mai ɗaki biyu ya yi ta ja mini rai kafin ya sa hannu. Jama'armu, Allah ya saka musu, su suka haɗa mini kuɗin ajiya na kama hayar a dare ɗaya. Duk da haka yarinyar ta shafe watanni a hannun mutanen da ko "sannu" ba sa ji, kafin kotu ta ba ni riƙo na musamman, wanda ke aiki har ta cika shekara 18.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yanzu sababbin zuwa na karɓar ɗan aminiya ko ɗan maƙwabcin gida su ajiye shiru. Idan yaron bai kai 16 ba, kuma kai ba kakansa ba ne, ko wansa, ko yayarsa, ko kawunsa, ko goggonsa, ko mijin uwarsa, ko matar ubansa, to zaman da zai kai kwana 28 dole ne ƙaramar hukuma ta san da shi, kuma "ai ɗan gida ne" ba hujja ba ce a wurinta.