Darasi na Tara: Canja Tiyon Hita Mai Yoyo a Tsohuwar Mota

Direbobi da yawa a Legas sukan ce, "Ni da ban taɓa kunna hita ba, me ya haɗa ni da tiyonta?" Gaskiya ne zafin Ikko bai bar wa kowa buƙatar hita ba. Amma motocin tokumbo don ƙasashen sanyi aka ƙera su, kuma a yawancinsu ruwan inji yana zagayawa ta cikin hita ko an kunna ta ko ba a kunna ba.

Ɗaga bonet ka dubi bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Za ka ga tiyo biyu na baƙar roba sun shige ciki. Ɗaya yana kai ruwan zafi ga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, ɗayan yana komo da shi. Faɗin bakinsu yawanci milimita 16 ne ko 19. Ruwan da ke bi ta ciki yakan kai zafin digiri 90, ga kuma matsi. Shekara da shekaru a haka, roba takan gaji. In ta fashe kana tsakiyar gosulo a gadar Third Mainland, ruwa zai tsiyaye cikin 'yan mintuna, inji ya ɗau zafi, gaskit ya ƙone.

Da sanyin safiya, kafin a tada mota, matsa tiyon da yatsu. Lafiyayye yana da ɗan tauri, kuma yana komawa yadda yake. Wanda ya yi laushi kamar ayaba nunanniya, ko ya bushe yana tsattsagewa, ko ya kumbura kusa da kilif (zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo), ya gama aiki. Farin gari ko kore da ya daskare a bakin tiyo sawun yoyo ne. In kuwa kafet ɗin ƙarƙashin dashbod ne ya jiƙe yana wari mai zaƙi-zaƙi, to ƙaramin lagireton ne ya huje, canja tiyo ba zai yi magani ba.

Canja duka biyun lokaci guda, don tare suka tsufa. In za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo, tafi da sunan motarka da shekararta, ko ma tsohon tiyon a hannu. Tiyo mai lanƙwasa sai irinsa, domin in ka tanƙwara miƙaƙƙe da ƙarfi zai shaƙe ruwa. Kada ka yarda da tiyon fetur ko na ban ruwa. Na hannu da aka ciro daga wani tsohon inji ma arha ce ta banza. Haɗa da sababbin kilif huɗu, filaya, sukundireba, reza, tsumma, roba ta tarar ruwa da kulan, wato ruwan sanyaya inji.

Inji ya huce sarai tukuna. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa zai tsartar masa a fuska. Sa roba a ƙasa, buɗe magudanar da ke gindin lagireto, ka fitar da kamar lita 2 zuwa 3, har ruwan ya sauka ƙasa da inda tiyon yake. Ɗauki hoton tiyon da waya kafin ka taɓa komai, don kada ka musanya na shiga da na fita.

Matse kilif da filaya ka ja shi baya, in mai ƙusa ne ka kwance shi da sukundireba. A nan ne akan yi ɓarna. Tsohon tiyo yakan manne da bututun hita, bututun kuwa na alminiyam ne ko tagulla ko roba, ba shi da ƙwari. In ka murɗa shi da filaya kana fizga, zai lotse ko ya tsage daga ciki, aikin awa ɗaya ya koma na kwance dashbod gaba ɗaya. Maimakon haka, tsaga bakin tiyon a tsaye da reza, a hankali don kada ka karce ƙarfen, sannan ka ɓare shi kamar ɓawon rake. Goge bututun har tsatsa da guntun roba su fita.

Zura kilif a sabon tiyo tun kafin ka cusa shi. Shafa wa bakinsa ɗan kulan don ya sulale. Kada ka sa giris ko man inji, suna cin roba. Tura shi har ya wuce ɗan tudun da ke bakin bututu, kilif ya zauna bayan tudun. Ɗaure shi daidai, in ya wuce kima zai yanka robar. Duba kada tiyon ya goga da salansa ko bel.

Rufe magudana ka cika lagireto. In kulan mai kauri ne, rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na leda zalla yana kawo tsatsa. Juya maɓallin hita zuwa zafi, tada inji murfi a buɗe, ka bar shi yana aiki iska tana fita kumfa-kumfa, kana ƙara ruwa in ya sauka. Da kumfar ta tsaya sai ka rufe, ka jira fanka ta tashi. Taɓa tiyon da tsumma: in duka biyun sun yi zafi, ruwa yana zagayawa. Washegari da safe sake duba ruwan da bakin kilif.

Wasu makanikai sukan cire hitar daga layi, su haɗa bututun inji biyu da guntun tiyo ɗaya. Dabara ce mai fitarwa in ƙaramin lagireton ya huje, sai dai ran da damina ta sa gilashi ya yi hazo, babu iska mai ɗumi da za ta share shi.

Tsohon kulan guba ne, kuma zaƙinsa yana jan yara da dabbobi. Juye shi a jarka mai murfi, kada ka zubar a lambatu, kada kuma ka zuba shi a gorar lemo.