Kurakuran da aka fi yi wajen faɗin ra'ayi kan littattafan bincike, leƙen asiri da na tarihi

Laifin da ya fi kowanne muni dai shi ne fasa ƙwai, wato tona sirrin ƙarshen labari, don shi kam in an yi ba ya gyaruwa. Mutum ya gama littafin binciken kisa, zumuɗi ya ɗebe shi, sai kawai ya rubuta wai wallahi bai taɓa zaton ƙanin mamacin ne ya zuba gubar ba, to ai ka gama kashe wa duk wanda zai karanta bayanka littafin, marubucin ya yi wata da watanni yana ɓoye abu kai ka tona a layi ɗaya. Ko cewa "ku sa ido kan mai aikin gidan" ma fasawa ce. Ka tsaya kan farkon labari, wa aka kashe, a ina, wa ke bincike, sannan ka faɗa mana ko marubucin ya yi adalci, wato alamun da suka tona mai laifin suna nan tun farko ko kuwa daga sama ya jefo su a babin ƙarshe.

Sai masu auna littafi da ma'aunin da ba nasa ba. Labarin bincike mai sauƙi dama haka aka gina shi, ƙaramin gari, kowa ya san kowa, ba a bayyana jini, mai binciken ma sau da yawa ba ɗan sanda ba ne. Miss Marple ta Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, tsohuwa ce mai saƙa da sauraron hirar maƙwabta. Ka karanta irin wannan ka ce babu faɗa babu harbi, haba, ai ba a yi maka alkawarinsu ba tun asali.

Na leƙen asiri ma iri biyu ne kuma kullum ana cakuɗa su. Akwai irin James Bond da Ian Fleming ya fara a 1953, mota da bindiga da caca. Akwai kuma irin na John le Carré, wanda shi kansa ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya, shi nasa ofis ne da fayil da tambayoyi da cin amanar aboki, ɗan leƙen asirin a gajiye yake, tafiyar a hankali. Gaskiya abin yana min ciwo in ga an ba irin wannan tauraro ɗaya, wato maki mafi ƙasa, wai yana sa barci. In bai yi maka ba ka faɗa, amma ka faɗi irin wanda kake nema, don wani jinkirin nan shi yake so.

Wajen na tarihi kuwa wasu su haɗiye komai a matsayin gaskiya, wasu kuma su zauna farautar kuskure. Hilary Mantel a Wolf Hall na 2009 ta sa mai karatu ya tausaya wa Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na takwas na Ingila, ta kuma zana Thomas More, wani babban jami'in sarkin, da taurin zuciya, wannan zaɓinta ne na marubuciya, ba hukuncin malaman tarihi ba. Hirar da aka ƙirƙira ba kuskure ba ce. Amma in ka ga Bature yana cin dankali kafin 1492, tun Turawa ba su kawo shi daga nahiyar Amurka ba, wannan kam kuskure ne, ka faɗa. Yawancin irin waɗannan littattafan suna da bayanin marubuci a ƙarshe inda yake faɗin abin da ya ƙara ko ya sauya, ka duba shi kafin ka tuhume shi. Kuma don jarumi yana tunani irin na zamaninsa ba yana nufin marubucin ya goyi bayansa ba.

Masu rage tauraro don bangon ya iso a yage, wannan tsakaninku ne da mai sayarwa. Wanda kuma ya fara jerin littattafai daga na biyar, ya faɗa a fili cewa daga tsakiya ya shigo kafin ya yi ƙorafin bai gane mutanen ciki ba.