Yadda ake auna ƙarfin jan ƙasa da zare da kwaɗo

Duk abin da aka saki daga sama, in dai iska ba ta tare shi ba, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa da ya yi yana faɗuwa. Wannan lamba ita ce ma'aunin ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, kuma kana iya fitar da ita da hannunka. Sai dai abu mai faɗuwa ba ya jiran mai agogo: daga tsayin mita ɗaya, ko rabin daƙiƙa ba ya cikawa ya dira. Dabarar ita ce a ɗaure shi da zare ya riƙa lilo, faɗuwar ta yi sanyi, ta kuma riƙa maimaita kanta.

Ka nemi zaren da ba ya miƙewa, ƙaramin kwaɗon kulle ƙofa ko noti mai nauyi, ƙusa, tef ɗin awo, da agogon waya.

Da farko ka ɗaure kwaɗon, ka rataye zaren a ƙusa inda ba zai gogi bango ba. Auna tsawon daga ƙusa zuwa tsakiyar kwaɗon, ba zuwa ƙullin ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ka daidaita shi ya zama mita ɗaya cif, lissafin zai fi sauƙi.

Sai ka ja kwaɗon gefe kaɗan, kamar santimita 10, ka sake shi. Kada ka tura, kada kuma ka ja shi da nisa, domin lissafin na ƙaramin lilo ne. Idan ya fara zagaye maimakon kai da kawowa, tsayar da shi ka sake.

Wajen ƙirge ne aikin yake. Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Kada ka auna guda, yatsa yakan makara wajen danna agogo, kuma wannan makarar babba ce a kan daƙiƙa biyu. Auna 20 a jere ka raba, sai kuskuren ma ya rabu gida 20. Lokacin da ka danna agogon ka ce "sifili", ba "ɗaya" ba, in ba haka ba 19 za ka ƙirga kana zaton 20 ne. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici.

A ce ka samu daƙiƙa 40.2. Raba da 20, lilo ɗaya ya ci 2.01. Ninka 2.01 da kanta, 4.04 ke nan. Yanzu ninka tsawon zaren a mita da 39.48, wato 4 sau 3.1416 sau 3.1416, ka raba da 4.04. Amsa 9.77. Duk abin da ya faɗo tsakanin 9.6 da 10, a ganina aikinka ya yi kyau.

Kafin ka kwance, sa kwaɗo mai nauyi ninki biyu, tsawon yana nan yadda yake. Lokacin ba zai canza ba. Ƙasa ta fi jan mai nauyi da ƙarfi, gaskiya ne, amma shi ne kuma ya fi wuyar motsawa, sai biyun su kashe juna. Tsawo ne ke da ta cewa: mayar da zaren santimita 25, lilo ɗaya zai koma daƙiƙa ɗaya. Wannan tsayayyen lokaci ne Christiaan Huygens na Holan ya dogara da shi ya ƙera agogon lilo a 1656.

Lambar ma ba ɗaya ba ce ko'ina. A layin da ya raba duniya biyu 9.78 ce, a can ƙuryar arewa da ta kudu 9.83. A 1672 Jean Richer, masanin taurari ɗan Faransa, ya kai agogon lilo daga Paris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, kusa da wannan layi inda jan ƙasa ya fi rauni, ya tarar yana makara da kusan minti biyu da rabi kullum, sai da ya rage tsawon lilon kafin ya daidaita.