Yadda za ka binciki fanshonka kafin a zabtare shi

Na daɗe ina riƙe wa wani kamfanin katako littafin albashi a nan Kumasi, kuma na yi sakataren ƙungiyar ma'aikatansa. Abin da na gani shi ne, yawancin fanshon mutanenmu na Zango tun suna bakin aiki ake cinye shi, su kuwa sai sun kai shekara 60 suke ganewa. Don haka binciken da kanka za ka fara.

Ɗauki Ghana Card ɗinka ka je ofishin SSNIT, hukumar fansho ta ƙasar Ghana, ka ce a buga maka takardar abin da aka zuba da sunanka. Ka ajiye ta kusa da takardun albashinka, ka bi wata-wata. Dokar fansho ta 2008 ta ce ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai gidanka ya ɗora kashi 13. Daga cikin 18.5 ɗin nan, 13.5 ke tafiya SSNIT, 5 kuma mataki na biyu, wato wani asusun fansho na daban da amintattu masu zaman kansu ke riƙewa. Duk watan da ka ga babu komai alhali an cire maka, ka rubuta shi, ka kai ƙara tun kamfanin yana da rai. Kamfanin da ya rufe ƙofa, wa za ka kama?

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne gundarin albashi. Mai gida zai ce maka, "Malam, bari in rubuta albashinka kaɗan, in cika maka da alawus, ka ga haraji ya ragu." Kai kuma ka yi godiya har da addu'a. To, SSNIT ba ruwanta da alawus. Tana duba shekaru uku da albashinka ya fi tsoka ne, ta ba wanda ya zuba na wata 180 kashi 37.5 na matsakaicin albashin waɗannan shekarun, kowace shekara ta ƙari kuma a ɗora 1.125, har ya tsaya a 60. Wanda aka rubuta masa sidi 2,000 zai tashi da 750 a wata bayan shekara 15, ko da 5,000 yake kai wa gida. Ka lissafa hayar ɗaki a Aboabo da kuɗin maganin hawan jini, ka ga inda 750 za ta kai ka. Ni shawarata, in an zo ƙarin albashi, ka nace a sa shi cikin gundarin. Kuma kada ka yi gaggawar ajiye aiki a shekara 55 sai ka sa an lissafa maka, domin ragin da ake yi wa mai fita da wuri ba ya dawowa.

Mataki na biyu kuma, wanda malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suke da nasu asusun, babu wanda ya yi maka alkawarin adadi. Abin da aka zuba da ribar da ya haifa, shi ke nan. Ka san sunan amintattun da ke riƙe da kuɗin, ka tabbatar NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho, ta ba su lasisi. A taron ƙungiya, maimakon a ƙare da rabon lemo, ka miƙe ka tambaya: Ciyaman, ina aka zuba kuɗinmu, kashi nawa aka ranta wa gwamnati? A Disamba 2022, da gwamnati ta kawo shirin musayar takardun bashinta, sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki kafin aka tsame asusun fansho. A watan ne hauhawar farashi ta haura kashi 54. Tsofaffin da suka sayi takardun da kuɗin sallamarsu sai da suka yi zaman dirshan a Ma'aikatar Kuɗi a Accra, har tsohuwar Babbar Jojin ƙasa Sophia Akuffo ta zauna tare da su.

Sai dattawanmu da suka yi aiki a Amurka suka dawo gida. A can, wasu asusun ƙungiyoyin ƙwadago sun yi alkawarin da kuɗinsu bai kai ba, saboda 'yan fansho sun fi masu zubi yawa. Wata dokar Amurka ta 2014 ta ba irin waɗannan damar rage fansho, ban da na waɗanda suka kai shekara 80 da na naƙasassu. A 2021 aka yi wata dokar ceto, asusun Central States na direbobin manyan motoci shi kaɗai ya samu kusan dala biliyan 36. Asusun da ya karɓi wannan tallafi dole ya mayar da abin da ya rage, har da na baya. Idan Baba ko Kawu an taɓa rage masa, ku nemo tsohuwar wasiƙar, ku rubuta wa asusun, ku ba su adireshinsa na yanzu da lambar bankinsa.

In ka je SSNIT ɗin, ka duba sunayen magadan da ka rubuta. Da yawa tun suna samari suka cika takardar, sunan mahaifiya kaɗai ke ciki, ga mata biyu da 'ya'ya a gida.